Gola da Zamaninsa: Yadda Ake Auna Masu Tsaron Raga a Hokin Ƙanƙara

A kakar wasa ta 1987-88, Grant Fuhr na ƙungiyar Edmonton Oilers ne ya lashe kofin Vezina, kyautar da ake bai wa gwarzon gola a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka. A waccan kakar, cikin kowane bugu 1,000 da aka auna ragarsa da shi, ya tare 881, sauran 119 suka shige. Shekara 27 bayan haka, a kakar 2014-15, golan da ke tsaka-tsaki, wanda ba a cewa gwani ba a cewa rago, yana tare 915 cikin 1,000. Da za a ɗauko lissafin Fuhr a ajiye shi a wannan shekarar, ko benci ba zai samu ba, ƙaramar gasa za a tura shi. Ga shi kuwa mutumin ya ɗauki kofin Stanley, na zakarun gasar, sau biyar, kuma a 2003 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar zauren karrama gwanayen hoki da ke Toronto. To wanne za a gaskata, lissafin ko shaidar waɗanda suka gan shi a fili?

Wanda bai saba kallon wasan ba yana buƙatar ya san nauyin da ke kan gola tukuna. Ana yin wasan ne a kan daskararriyar ƙanƙara, 'yan wasa shida a kowane ɓangare har da gola, minti 60 da aka raba gida uku. Abin da ake bugawa da sanda ba ƙwallo ba ne, ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa kimanin giram 170, kuma bugu mai ƙarfi kan kai shi gudun kilomita 160 a awa. Ragar ƙarama ce, ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 4 a tsaye. Golan ƙwallon ƙafa kan gama wasa bai tare ƙwallo biyar ba, amma na hoki ana kai masa hari wajen sau 30 a dare guda. Sauran 'yan wasa suna shiga suna fita, kowa ya yi ƙasa da minti ɗaya ya dawo benci ya huta, shi kuwa yana nan tsaye daga farko har ƙarshe. Babu wani ɗan wasa a filin da ke da hannu a sakamako kamarsa, kuma babu wanda ya fi shi wuyar aunawa.

Ma'aunin da aka fi saurin ɗauka shi ne yawan nasara. Martin Brodeur na New Jersey Devils yana da 691, babu wanda ya kamo shi, Patrick Roy yana da 551. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gola ba ya cin raga, iyakarsa ya hana a ci, kuma idan abokansa ba su zura komai ba, duk bajintarsa ba za ta zama nasara ba. Chris Osgood ya tara nasara 401, mafi yawansu a bayan ƙaƙƙarfar ƙungiyar Detroit, har da kofin Stanley uku, amma da wuya ka sami masani da zai ɗora shi sama da Henrik Lundqvist, wanda ya yi shekara 15 yana ɗauke da New York Rangers a kafaɗa bai taɓa ɗaga kofin ba. Sannan ita kanta nasarar ba darajarta ɗaya ba a kowane zamani. A ƙarshen shekarun 1920 wasa 44 ake yi a kaka, daga 1949 aka koma 70, a 1995 aka koma 82. A da ana tashi canjaras. Bernie Parent na Philadelphia ya yi nasara 47 a kakar 1973-74, tare da canjaras 12 da babu damar raba su. Daga 2005 aka soke canjaras, aka kawo bugun daga kai sai gola, ta yadda kowane wasa dole wani ya yi nasara. Da Brodeur ya yi 48 a kakar 2006-07 ya shafe tarihin Parent, wasu daga cikin nasarorin a wannan bugun ya same su, ƙofar da ba a taɓa buɗe wa Parent ba.

Ma'auni na biyu shi ne matsakaicin cin da ake yi wa gola a cikin minti 60. A nan wanda ya fi kowa shi ne George Hainsworth na Montreal Canadiens. A kakar 1928-29 ya yi wasa 44, a 22 daga ciki ba a ci shi ko ɗaya ba, matsakaicinsa 0.92. Lissafi ne mai ban mamaki, har sai an tuna dokar lokacin: ba a yarda ɗan wasa ya miƙa faifai gaba ga abokinsa a yankin abokan hamayya ba. Da aka sassauta dokar a kakar da ta biyo, Hainsworth ɗin dai, a ƙungiyar dai, matsakaicinsa ya haura 2.4, wasannin da ya kulle raga suka dawo 4. Mutumin bai manta sana'arsa cikin wata shida ba, wasan ne ya zama wani wasa daban.

Wannan ma'aunin ne kuma ya ɓata lissafin kofin Vezina na shekaru fiye da 50. Daga 1927 aka fara bayar da shi don tunawa da Georges Vézina, golan Montreal da tarin fuka ya kashe a 1926, kuma tsawon zamani ana miƙa shi ne ga golan ƙungiyar da aka fi ci kaɗan. Wato kyautar masu tsaron baya ce da aka rubuta wa sunan gola. Michel Larocque, wanda yawancin rayuwarsa a Montreal mataimakin Ken Dryden ne, sunansa na kan kofin har sau huɗu. Sai daga kakar 1981-82 aka mayar da shi zaɓe, manajojin ƙungiyoyi ke kaɗa ƙuri'a, aka ƙirƙiro kofin Jennings don tsohon tsarin. Saboda haka duk wanda ya jera Vezina bakwai na Jacques Plante kusa da shida na Dominik Hašek ya ce bakwai ya fi shida, abu biyu mabambanta ya haɗa a mudu ɗaya.

Kason tarewa, wanda muka fara da shi, ya fi waɗannan biyun adalci, domin yana tambayar abin da ya dace: sau nawa aka buga maka, sau nawa ka tare? Gasar ta fara wallafa shi a hukumance daga kakar 1983-84, daga baya aka koma tsofaffin takardun wasa aka fitar da shi har zuwa 1955-56. Abin da aka gani a ciki ya rushe tunanin cewa gololi ƙara ƙwarewa kawai suke yi shekara bayan shekara. A shekarun 1960, lokacin da yawancinsu ke tsayawa fuska a buɗe, matsakaicin gasar ya haura 900 cikin 1,000. A tsakiyar shekarun 1980, kowa na sanye da kariyar fuska, ya faɗo wajen 875. Ya sake hawa har 915 a tsakanin 2014 da 2016, sannan ya gangaro zuwa wajen 900 a kakar 2024-25.

Dalilan wannan hawa da sauka sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne zuciyar maganar. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida kacal ke gasar, kusan kujera shida ke nan ta babban gola, kuma masu tsaron bayan da ke gabansu zaɓaɓɓu ne. A 1967 aka ninka zuwa 12, a 1979 suka kai 21. Ƙwararru suka bazu, aka sami ƙungiyoyi marasa ƙarfi da ake yi wa ruwan ci, wasan ya buɗe. A kakar 1981-82 ana zura kimanin ci takwas a kowane wasa, kuma Wayne Gretzky shi kaɗai ya zura 92. Golan lokacin yana tsaye ne da ƙafafunsa, yana kai ƙafa ko hannu inda faifan ya nufa, sanye da kariyar ƙafa ta fata da aka cusa wa gashin barewa, wadda ke shan ruwa tana ƙara nauyi yayin da wasa ke nisa. Da yawansu ma gajeru ne.

Daga nan salon da ake kira malam-buɗe-littafi ya mamaye sana'ar: gola ya durƙusa kan gwiwoyi, ya baza ƙafafu hagu da dama, ya toshe ƙasan raga gaba ɗaya, inda yawancin bugu ke bi. Glenn Hall ya fara shi tun shekarun 1950, amma Roy da kocinsa François Allaire ne suka mayar da shi ilimi da ake koyarwa a Montreal tun tsakiyar shekarun 1980. Kayan kariya suka koma na roba mara nauyi, suka ƙara girma, ƙungiyoyi suka fara neman dogayen samari, kowace ta ɗauki koci na musamman don gola. A lokaci guda kocina suka ɗauki dabarar cunkushe tsakiyar fili, wadda New Jersey ta yi suna da ita. Kafin kakar 2003-04 cin da ake yi a wasa ya dawo biyar da 'yan kai. Hukumar gasar ta mayar da martani bayan rikicin albashin da ya cinye kakar 2004-05 baki ɗaya: ta rage faɗin kariyar ƙafa daga inci 12 zuwa 11, ta tsananta hukunta riƙo da jan sanda, daga baya ta rage wando da rigar ƙirji. Saukar da ake gani a 'yan shekarun nan kuwa, ban da rage kayan, maharan ne suka waye. Sun rage bugun nesa da gola ke gani sarai, sun koma neman miƙa faifai daga gefe zuwa gefe kafin su buga. Sarki goma, zamani goma. Lamba 900 da ta sa Roy ya fi kowa a 1988 ita ce ta gama-gari a yau.

Maganin da masu nazari suka samo mai sauƙi ne: a auna gola da tsararrakinsa na shekarar, a ga ci nawa ya hana fiye da abin da golan tsaka-tsaki zai hana idan shi aka yi wa wannan adadin bugun. Kakar 2003-04 ta ba da misalin da ba na gajiya da kawo shi. Roberto Luongo yana tsaron ragar Florida, ƙungiya mai rauni. An buga masa sau 2,475, ya tare 2,303, wato 931 cikin 1,000, a shekarar da matsakaicin gasar yake 911. Da golan tsaka-tsaki ne a wurin, da an ƙara zura wa Florida wajen ci 48. Brodeur a wannan kakar ya tare 917 cikin 1,000, ribarsa a kan matsakaici wajen ci goma ce kawai. Amma Brodeur yana da nasara 38, Luongo 25, sai manajoji suka ba Brodeur kofin Vezina, Luongo ya zo na uku. A ganina an yi wa Luongo rashin adalci, kuma dalilin a fili yake: an hukunta shi da laifin waɗanda ke gabansa.

Idan aka ɗora Fuhr a kan wannan sikelin, amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi. Matsakaicin gasar a 1987-88 ya kasance 880. Ke nan 881 ɗinsa ba abin kunya ba ne kamar yadda idon yau zai ɗauka, amma kuma ba bajinta ba ce. Abin da ya ba shi kofin shi ne wasa 75 da ya tsaya da nasara 40. Masoyansa suna da hujja a nan, kuma hujjar tana da nauyi. Edmonton ta Gretzky da Mark Messier da Jari Kurri ƙungiya ce da kowa ke rugawa gaba, sau da yawa a bar Fuhr shi kaɗai da mahara biyu. Bugu ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi daga nesa gola na kallo, da wanda aka yi daga bakin raga bayan faifan ya tsallako daga ɗaya gefen, duka bugu ɗaya-ɗaya aka rubuta su a takarda, alhali na biyun ya ninka na farkon haɗari sau da yawa.

Wannan giɓin ne lissafin cin da ake tsammani ya zo cikewa, irin wanda masu bin ƙwallon Turai suka sani da xG. Tun kakar 2007-08 ana da bayanin inda aka yi kowane bugu, nisansa, kusurwarsa, irinsa, da ko ya biyo bayan wanda gola ya tare ya dawo. Da wannan ake ƙiyasta damar shigar kowane bugu, a tara, a kwatanta da abin da ya shiga da gaske. Ci gaba ne babba, amma bai cike giɓin duka ba. Bayanan da ke hannun jama'a ba su nuna ko wani ya tsaya ya kare wa gola gani ba, ba su kuma nuna miƙawar da ta gabaci bugun. Steve Valiquette, tsohon golan Rangers, ya kafa kamfanin da ke bin bidiyo bugu bayan bugu saboda wannan dalilin, yana mai da hankali kan faifan da ya ƙetara layin tsakiyar yankin hari kafin a buga. Akwai kuma matsalar masu ƙirge. Mutane ne ke zaune a kowane fili suna rubuta bugu, kuma bincike ya nuna wasu filaye na ƙirga fiye da wasu. Na New Jersey na daga waɗanda aka san su da ƙirga kaɗan, abin da ke nufin kason tarewar Brodeur a gida ya fito ƙasa da hakikaninsa. Adalci ya wajabta a ambaci wannan a gefensa.

Tasirin tsarin ƙungiya yana bayyana idan gola ya sauya gida. Brian Elliott ya gama kakar 2010-11 ƙasa da 900. Ya koma St. Louis, ƙarƙashin koci Ken Hitchcock mai tsananta tsaro, sai ga shi da 940 a kaka ta gaba. Shi ya sa masu lura ke duba mataimakin gola: idan wanda ke zaune a benci ya shiga ya yi kusan abin da babban ya yi, to katangar da ke gabansu ce ke yawancin aikin.

Sai kuma sa'a, wadda ba a son ambatonta amma tana nan. Babban gola na fuskantar bugu kamar 1,500 zuwa 1,800 a kaka. Tazarar da ke tsakanin 920 da 910 a kan bugu 1,500 ci 15 ne kawai cikin wata shida, kuma faifan da ya daki ƙarfen raga ya fita maimakon ya shiga, ko ya goga a ƙafar abokin wasa ya karkace, ya isa ya samar da rabin wannan. Jim Carey ya lashe Vezina a 1996 yana ɗan shekara 22, kafin 2000 ya bar gasar. Andrew Hammond ya yi wa Ottawa nasara 20 da rashin nasara ɗaya tak a cikin minti 60 na wasa a 2015, bai sake yin kusa da haka ba. Sergei Bobrovsky ya ɗauki Vezina a 2013 da 2017, Florida ta ba shi kwantiragin dala miliyan 70 a 2019, ya faɗo 900 aka yi ta cewa kuɗin ya tafi a banza, sannan ya ɗaga kofin Stanley a 2024 da 2025. Kaka ɗaya ba ta isa shaida ba, mai kyau ce ko mummuna. Sai an haɗa uku ko huɗu kafin mutumin ya fito.

Akwai abubuwan da duk waɗannan lambobin ba sa kamawa, kuma a nan ne Brodeur ke samun haƙƙinsa. Ya iya sarrafa faifai da sanda kamar ɗan baya na uku, yana fita bayan raga ya kwashe shi kafin mahara su iso, ta yadda bugun ma ba ya faruwa. Ya ƙware a wannan har a 2005 aka zana wani yanki a bayan raga aka hana gola taɓa faifai a kusurwoyi. Bugun da aka hana aukuwa ba ya shiga kowane lissafi. Juriya ma haka. Brodeur ya yi wasa 1,266, sau da dama fiye da 70 a kaka, abin da ya hutar da ƙungiyarsa daga dogaro da mataimaki mai rauni. Glenn Hall ya tsaya wasa 502 a jere tsakanin 1955 da 1962 ba tare da kariyar fuska ba. Plante ne ya fara sa ta a kai a kai daga ranar 1 ga Nuwamba 1959, bayan bugun Andy Bathgate ya fasa masa fuska. Wanda ya san faifan nan na iya karya masa haɓa kuma ya tsaya, dole a sa wannan a cikin awonsa. A yau wanda ya yi wasa 60 an ce ya sha aiki.

Roy kuma hujjarsa tana wasannin zagayen neman kofi: nasara 151, kofin Stanley huɗu, kyautar gwarzon wannan zagaye sau uku, a 1986 da 1993 da 2001. A 1993 Montreal ta ci wasa goma a jere na ƙarin lokaci, inda ci ɗaya ke kashe wasa, yana cikin raga. Ga yawancin gololi wasannin wannan zagaye sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, amma Roy ya yi 247, kimanin kaka uku cikakku, saboda haka nasa ba a kira shi sa'a.

Duk da haka, idan tambayar ita ce wa ya fi nisanta da tsararrakinsa a tare faifai, kuma ya maimaita har shakka ta kau, sunan ɗaya ne. Hašek ya taso a Chekoslobakiya ta zamanin kwaminisanci, bai iso gasar ba sai 1990 yana da shekara 25, bai zama babban gola ba sai yana dab da 29. Vladislav Tretiak, golan Tarayyar Sobiyat, ma bai samu zuwa ba ko kaɗan, shi ya sa ba ya cikin kowane jadawalin NHL. Daga kakar 1993-94 zuwa 1998-99 Hašek ya fi kowa kason tarewa shekara shida a jere, ya fara da 930 lokacin da matsakaici ke wajen 895, ya rufe da 937. Ya yi haka ne a Buffalo, ƙungiyar da ba ta da taurarin Detroit ko katangar New Jersey, wurin da ake sanin maci tuwo don miya ta ƙare. A Afrilun 1994 ya tare bugu 70 a wasa guda, Buffalo ta doke New Jersey ta Brodeur da ci ɗaya da nema bayan ƙarin lokaci huɗu. A gasar Olamfik ta Nagano a 1998 ya tare duka 'yan Kanada biyar a bugun daga kai sai gola, sannan ya hana Rasha ci a wasan ƙarshe. Shi kaɗai ne golan da ya lashe kofin Hart, na gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, har sau biyu, a 1997 da 1998.

Hukuncina shi ne: Brodeur ya fi kowa daɗewa yana amfanar ƙungiyarsa, Roy ya fi kowa a lokacin neman kofi, Fuhr gola ne nagari da ya dace da ƙungiyar da ta bar shi a fili, ko da yake Vezina ta 1988 ta fi cancantar Roy. Amma a ainihin aikin gola, wato hana faifai shiga raga idan aka auna da mutanen zamaninsa, tun daga 1955 da ake da ƙirgen bugu babu wanda ya kai Dominik Hašek na shekarun 1993 zuwa 1999.